Na auna PyPy ya fi Python jinkiri, wa ya taɓa ganin haka?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ajin ƙarshe, aikin kammala karatuna a kan kwatanta saurin Python da muka saba da shi (CPython) da na PyPy ne, wanda shi ma kod ɗin Python yake gudanarwa. Na rubuta ɗan kod mai jera makin ɗalibai, na sa time.time() a farko da ƙarshe, na gudanar sau ɗaya a kowanne. CPython ya riga PyPy gamawa. Jiya da daddare na maimaita da bayanai masu yawa, PyPy ya wuce. Yau da rana lambobin sun sake canzawa. Malamina yana jiran teburin sakamako ranar Litinin, ni kuma ban san wanne zan rubuta ba. Don Allah wanda ya taɓa wannan awon ya faɗa mini abin da ya gani.

Malam na Sakkwato: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka auna da farko lokacin ɗumin PyPy ne. Ba ya mayar da kod ɗinka harshen inji tun daga tashi. Yana binsa ne layi-layi, a hankali ma fiye da CPython, yana ƙirga sau nawa kowane madauki ya zagaya. Sai madaukin ya kai zagaye 1039 sannan JIT, wato sashen da ke fassara kod zuwa harshen inji ana cikin gudanar da shi, ya bi sawun zagaye ɗaya, ya rubuta duk abin da ya faru a ciki, ya fassara shi. Wannan fassarar ma tana cin lokaci. Idan shirinka yana ƙarewa cikin rabin daƙiƙa, ka yi cefane ne ka tashi kafin a sauke tukunya.

Ni a kan lissafin ruwan sama na gane haka. Na daina auna jimla, na sa kowane zagaye ya buga nasa lokacin. Layukan farko manyan lambobi ne, can sai suka faɗo lokaci guda suka zauna. Ranar na ga ɗumin da idona.

Maganar rana da dare kuwa, duba laftof ɗinka. Wata Afrilu na yi awo tawa tana kan katifa, fanka tana ta kuka, ƙarfen ƙasanta ba ya taɓuwa. Furosesa idan ta yi zafi rage gudu take yi don ta tsira. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ta koma kan batir, ta ƙara ragewa. Teburin da na kai wa abokin aikina rabinsa da wuta aka auna, rabi a kan batir, muka yi kwana biyu muna musu a kan bambancin da bai shafi kod ba ko kaɗan.

Bakatsiniya: Ni da Numba ne, mai yi wa fankshin na Python JIT. Na ɗora @njit a kan wani fankshin, kiran farko ya ci kusan daƙiƙa biyu, alhali ba tare da shi ba bai kai haka ba. Har na kai hannu zan goge, sai na sake danna shi, ya gama kafin in ɗaga yatsa. A kiran farko ne yake miƙa kod ɗin ga LLVM, mai mayar da shi harshen inji. Kuma idan ka ba shi lambobi masu ɗigo bayan ka saba ba shi cikakku, sabuwar fassara zai yi, ka sake jira. Yanzu ina sa cache=True ya adana fassarar.

Yaya mai Java: Tawa matsalar akasin taku ce, sauri ne ya yi yawa. Madauki mai zagaye biliyan ɗaya ya gama kusan a sifiri, na yi murna na tura wa shugaban sashenmu. Ya tambaye ni abu ɗaya: ina ka yi amfani da amsar? Ban yi ba. HotSpot, injin da ke gudanar da Java, yana da matakai, C1 mai fassarar gaggawa, sai C2 mai zurfin gyara, kuma C2 ya lura babu mai karɓar sakamakon, ya share lissafin gaba ɗaya. Komai ban auna ba. Saboda irin wannan ne JMH, kayan awon saurin Java, yake da Blackhole, ka jefa masa amsar don a tilasta yin aikin. Ƙanena, ko a PyPy ka tabbatar kana tara amsar kana buga ta a ƙarshe.

Na Kofar Mata: Shafuka nake gina wa 'yan kasuwa. Da PHP 8.0 ya fito a Nuwamba 2020 da JIT, na yi kwana biyu ina awo ban ga bambanci ba. Ashe ko kunnuwa bai yi ba: opcache.jit_buffer_size yana kan 0, kuma Xdebug, kayan bin diddigin kurakurai da nake da shi, yana hana shi aiki. Da na gyara, lissafi zalla ya yi sauri ƙwarai, amma shafin WordPress kusan yana inda yake, domin yawancin lokacinsa a jiran MySQL yake tafiya. Fara tabbatar da abin a kunne yake.

Bakatsiniya: Malam, ina da ja a wuri ɗaya. Kada ya zubar da lokacin ɗumin kamar ba gaskiya ba ne. Shirin da ake tayarwa ya yi aikinsa ya mutu, sannan a sake tayar da shi, kullum a cikin ɗumin yake rayuwa. Ga mai irin wannan shirin, lambar farko da Ɗan Zazzau ya samu ita ce daidai.

Malam na Sakkwato: Gaskiyarki ne. Ya rubuta duka biyun.

'Yar Damagaram: Ni ko zaman da ake cewa lambobi suna yi bayan ɗumi ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. A 2017 Laurence Tratt na King's College da ke Landan da abokan aikinsa sun auna PyPy, HotSpot, V8, LuaJIT da wasu, kowane gwaji zagaye 2000 a tashi ɗaya, suka tarar ko rabin gwaje-gwajen ba su kai suna zama a ƙololuwar saurinsu a kowane tashi ba. Wasu ma bayan sun yi sauri sai su koma baya. Na gamu da wannan a Node.js: lambobina sun zauna lafiya, kwatsam suka haura. Da na kunna --trace-deopt na ga dalili. Wani fili a bayanan ya zo da rubutu a inda aka saba ganin lamba, V8, injin da ke cikin Node.js, ya jefar da fassarar da ya gina a kan zaton lamba ce, ya koma baya ya fara tattara bayani.

Ka bar time.time(), ka ɗauki pyperf, kayan awon saurin Python. A CPython yana tayar da shirin sau 20, awo uku-uku. A PyPy sau 6 ne, awo goma-goma, bayan ya zubar da goma na ɗumi. Zai kuma gargaɗe ka idan lambobin sun warwatse.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka muku da alheri. Bayan asuba na yi, caja a jone, laftof a kan benci, na rufe burauza. Na yi ginshiƙi biyu kamar yadda Malam da Yaya Bakatsiniya suka ce. A tashin farko da ƙananan bayanai CPython ne a gaba, bayan ɗumi PyPy ya ba shi rata mai yawa, kuma na maimaita sau uku lambobin ba su gudu ba. Sauran tambaya ɗaya: na haɗa Python 3.13 da --enable-experimental-jit don in ƙara ginshiƙi na uku, bambancinsa da wanda babu JIT da ƙyar ake gani. Kuskure na yi?

'Yar Damagaram: Ba ka yi kuskure ba. Na gwaji ne, shi ya sa ya zo a kashe a Oktoba 2024, kuma a lokacin masu shi ba su ce ya yi wani sauri sosai ba. Ka ba pyperf compare_to fayilolin biyu, idan ya ce bambancin bai kai a kawo ba, haka za ka rubuta wa malaminka, tare da lambar sigar da ka auna.