Abin da aka tattara kan ƙarfafa aksil na baya da kuɗi kaɗan

1. A wata tattaunawa kan yadda za a ƙarfafa aksil na bayan mota (ɓangaren da ke haɗa tayoyin baya yana juya su), mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ba da shawarar a sayi aksil na hannu na Ford mai inci 8.8 (faɗin babbar giyar da ke cikinsa ke nan), musamman na Explorer ƙirar 1995 zuwa 2001, domin yana zuwa da birki mai faifai da shaf (sandar ƙarfen da ke juya taya) mai haƙora 31, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

2. An yi ittifaƙi cewa a yi wa bututan aksil ɗin walda a inda suka shiga akwatin da giyar aksil ɗin take ciki, saboda injin mai ƙarfi yana iya murɗe su. An kuma ja kunne game da ƙaramin kilif ɗin da ke riƙe shaf, wanda idan shaf ya karye, taya kan fice gaba ɗaya.

3. Ra'ayi ya rabu kan aksil na Ford mai inci 9. Wasu sun ce ya fi juriya kuma canza giyarsa ya fi sauƙi, wasu kuwa suna ganin tsadarsa ta wuce bukatar motar da ba ta tsere.

4. Kowa ya yarda a auna faɗin aksil ɗin kafin a biya kuɗi.