Garin kunun gida ko na gwangwani: wa aka ce wa raguwa?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Kafin asuba nake tashi in wanke waken soya in shanya, in soya, ga goyo a baya ga biyu suna jan zanina. Gero da dawa daga Dawanau nake sa a auno min, gyaɗa da hannu nake tsince ta, ga dabino ga busasshen kifi. In kai inji a ce babu wuta, sai na mai dizal. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin niƙa bai sauka ba. Duk da haka wata ta zo tana taya min roba ɗaya kamar kayan gwanjo, wai gara ta cika kuɗi ta sayi na gwangwani. Wallahi garin gida ya fi na kanti gina jikin yaro. Ragwanci ne kawai ya yi wa matan yanzu katutu.

Ummu Sadiq: Ragwanci? Ƙarfe bakwai nake barin gida, in wuni a tsaye a aji, in dawo in ɗora tukunya. Don na sayi Cerelac shi ne na zama raguwa?

Maman Iman: Ni fa ban kama suna ba.

Ummu Sadiq: Kin ce matan yanzu. Mu matan jiya ne?

Maman 'Yan Biyu: Wanda ya tsargu dai da shi ake.

Anty Amarya: Ke kuma sai zuga. Mai 'yar aiki biyu a gida ba ta da bakin kiran wata raguwa.

Maman 'Yan Biyu: 'Yar aikina ɗaya ce, ɗayar ƙanwar maigida ce. In za ki faɗi magana ki faɗe ta daidai.

Sista: Ku tsaya mu koma kan yaran. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Garin gida yana da kyau idan an haɗa hatsi da wake da kifi, amma kar a dama shi tsararo, kuma ban da zuma kafin shekara 1. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin fumfuna mai guba ga hanta, soyawa ba ta kashe gubar.

Ummu Sadiq: Allah ya saka, Sista. Amma kalmar nan sai ta janye ta.

Anty Amarya: To mai ƙwazo, garin naki yana da lambar NAFDAC?

Maman Iman: Kunun da uwarki ta yaye ki da shi NAFDAC ce ta sa masa hannu?

Anty Amarya: Kar ki sako uwata. Ita ba ta zuba a roba ta liƙa takarda ta sayar ba.

Maman 'Yan Biyu: Kowa ya san yayarki ma garin take sayarwa, shi ya sa kike wannan tsalle. Nata yana da lambar?

Hajiya Babba: 'Ya'yan nan ba ku san wahala ba ne. Mu muka yi surfe, muka yi daka, muka yi wankan jego kwana arba'in da ruwa mai zafi da kunun kanwa, tara na haifa babu wanda ya ga gwangwani. Ragwancin dai akwai shi.

Sista: Hajiya, a yi min afuwa, kunun kanwar nan ne likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa. Gishirin cikinta ya yi wa mai jego yawa.

Bazazzagiya: Me kuma Zariya ta yi muku? Kanawa ba sa shan kanwa ne?

Hajiya Babba: Ga ni nan da raina, na sha ta tulu-tulu.

Ummu Sadiq: Hajiya, lokacinku akwai kakanni da facaloli a gida ɗaya, kowa na karɓar goyo. Mu daga mu sai ɗakin haya.

Maman Iman: Ni ma ɗakin hayar nake, kuma ban fasa ba.

Anty Amarya: Tunda ƙwazon ya kai haka, zubin adashin watan jiya fa? Har yau ana jiranki.

Maman Iman: Wannan tsakanina da uwar adashi ne. Hasbunallahu.

Shugabar zaure: Ya isa haka, na rufe. Na karanta komai, kuma abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda garin gida ya fi, har Sista ta tabbatar. Maman Iman ba ta zagi kowa ba, masu neman rigima ne suka murɗa mata zance, kuma mun san dalilinsu. Ni shaida ce, autana da garinta ya yi kumatu. Maganar kanwa a bar wa manya, sun fi mu sani. Wadda ta sake ɗauko zancen adashi a nan zan cire ta. Masu son garin su tura mata saƙo kafin Alhamis, ranar take kai niƙa.