Me za mu kira "accessibility" da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Shekaranjiya muna taron aiki ta intanet mu shida, cikinmu akwai makauniya da kurma. Mai jawabi ya haska jadawali yana ta "ku dubi nan, ku dubi can". Can sai baiwar Allah ta ce, "Malam, nan ɗin ina ne?" NVDA, manhajar da ke karanta mata rubutun kwamfuta, ba ta karanta abin da aka haska, domin a wurinta hoto ne kawai. Shi kuma kurman, netwok na ja aka ce kowa ya kashe kyamara, shi ke nan mai yi masa maganar hannu ya ɓace.

Abin da ya yi mana ƙaranci ranar shi Turawa ke kira accessibility. Wato tsara abu yadda mai naƙasa ma zai iya amfani da shi. W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ƙa'idojinsa na shafukan intanet, waɗanda ake kira WCAG, tun 1999, mu har yau ba mu raɗa masa suna ba.

Wani ya kawo "sauƙin amfani". Bai kwanta mini ba: manhaja na iya zama ruwan sha ga mai ido, ga makaho kuwa ƙofa ce a garƙame. "Damar shiga" ma haka, ai makauniyar ta shiga taron, zama ta yi kamar baƙuwa. Wanda na fi ƙi shi ne "tallafin naƙasassu". Warin sadaka yake yi, alhali haƙƙi ne. A Najeriya ma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019.

Ni dai na tsaya kan "kawar da shamaki". Laifin ya koma kan shamakin da wanda ya gitta shi, ba kan idon wani ko kunnensa ba. Kuma yana lanƙwasuwa a baki: manhaja marar shamaki, taro marar shamaki, "wannan maɓallin shamaki ne ga wanda hannunsa ba ya riƙe linzamin kwamfuta".

Saura sunan irin su NVDA da TalkBack, takwararta ta wayoyin Android. Na ce "makarancin allo", aka kwashe da dariya, wai sai ka ce almajiri riƙe da tawada. Ita mai abin ta ce ba ruwanta da wahalarmu, "ɗan jagora" take kiran nata, har takan ce yau ɗan jagoranta ya yi gardama. Wa ke da wanda ya fi wannan?