Musayar baituka: matan da mazansu suka mutu a Indiya

Gimbiyar Damagaram: Salam ƴan zaure, amon yau "ri" ne, mai jin kansa ya fito.
Miji ya faɗi a gidan Hindu, mata ta shiga hatsari,
A fasa awarwaronta, a miƙa mata farin sari,
A goge jan tsagar kanta, a aske gashin da wuri,
Ba albasa ba tafarnuwa, sai gaya da haƙuri.

Bazazzagi:
Gimbiya kin sha fim kin ƙoshi, kin zo mana da labari,
Indiyar da kika sani ai ta rawa ce a kan dutse da cikin furanni jeri-jeri,
Bar mana waƙa mu masu ita, je ki dama kunun gari.

Gimbiyar Damagaram:
Je Birindaban ka gani, dubbansu zube a gari,
Su wuni waƙar Kirishna, a ba su shinkafa ba ƙari,
In ana biki a kore su, wai ganinsu na ɓata buri,
Kai da fim ma sai da fassara, ina ka san wani labari.

Maman Hanif: Ayyiriri! Sai Gimbiya, wlh ta shanya shi. Zazzau ku zo ku kwashi naku.

Malam Arulli: Bazazzagi ɗangonka na biyu ya karye, gaɓoɓi sun yi yawa sai mutum ya tsaya ya sha ruwa kafin ya kai ƙarshe, kuma ana ƙwar huɗu ka kawo uku.

Bazazzagi: Malam ai ba jarrabawa muke ba. Ita da ta ari "labari" daga bakina ba ka gani ba, saboda taku ce ko?

Na Sakkwato: Ku tsaya, batun nan ba fim ba ne. Har ƙona mace ake yi tare da gawar mijinta, sai 1829 aka hana bayan gwagwarmayar wani ɗan Indiya mai neman gyara, Ram Mohan Roy, a 1856 doka ta ba su damar sake aure amma dangi suka yi kunnen uwar shegu, kuma a 1987 an ƙona wata mai suna Roop Kanwar da gawar mijinta a jihar Rajasthan tana shekara 18.
Mu wata huɗu da kwana goma, takaba ta ƙare da wuri,
A sa lalle a fito zawarci, manema su yi jeri.

Gimbiyar Damagaram:
Baba kar ka cika baki, mu ma muna da namu tsari,
A ce mata mai farar ƙafa, ƙannen miji su cinye jari.

Malam Arulli: Ɗango biyu kacal ranki ya daɗe? Kuma "namu tsari" ya yi ɗingishi.

Maman Hanif: To Malam kai ka yi naka mana mu gani, kullum gyara kamar mai jan biro.

Malam Arulli: Aikina awo ne Hajiya, sai an auna ake sanin kari.

Bazazzagi: Afuwan, data ce ta ƙare tun jiya.
Malam mai sikeli, ka auna min wannan da sauri... kai, wannan "ri" ne ko "uri"? A faɗa min kafin in ci gaba.