Na yi kuskure da wani majinyaci mai sauya jinsi a duti, dan Allah ma'aikatan lafiya ku ba ni shawara

Ummu Nabila ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, wata takwas kenan da na fara aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, kafin nan shekara tara na yi a gida a ɓangaren tiyata. Wani abu ne ya faru da ni satin da ya wuce, har yau na kasa cire shi a raina.

Ina dutin dare aka turo mana wani daga imajensi da ciwon mara, matashi ne da gemunsa da muryarsa ta maza, a kwamfuta ma namiji aka rubuta. Na auna BP, na ɗibi jini, ina cike fom na zo wajen tambayar nan ta ko akwai yiwuwar ciki na tsallake kawai, tunda namiji ne a gabana. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce min, sista ina ga gara ki yi gwajin cikin nan, ina da mahaifa. Wlh biro na hannuna na tsaya cak, kuma na san fuskata ta nuna don na ga yadda ya kawar da kai ya ja bargo har wuya. Maimakon in nutsu sai na fita na je teburin nas-nas na faɗa wa abokiyar aikina da ƙarfi, labule ne kawai tsakaninsa da sauran gadaje, kowa ya ji. Da na dawo ya riga ya saka takalminsa wai zai tafi gida, da kyar wata babbar nas ta lallashe shi ya tsaya. Sikanin ya nuna ƙari ne a ƙwan mahaifa, da safe aka shiga da shi tiyata.

Tun ranar nake tunanin da ya tafi fa? Ni ce sila kenan. Ko yanzu da nake rubutun nan sai da na tsaya ina tunanin shi zan ce ko ita, na bi abin da ke fayil ɗinsa. Tambayata, yaya ake yi wa irin waɗannan marasa lafiya tambaya ba tare da an ci musu fuska ba, kuma me ya kamata in sani game da magungunan da suke sha? Ba a koya mana komai kan wannan a makaranta ba, a OSCE ɗin ma, wato jarrabawar gwajin aiki da na yi kafin a ba ni lasisi a nan, ban ci karo da shi ba. Sannan gaskiya akwai abin da ke min nauyi ta fuskar addini, ba zan ɓoye ba.

Anti Mai Dutin Dare ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, na san irin daren nan, shekara goma sha ɗaya nake nan ƙasar. Kuskurenki ɗaya ne babba, ba mamakin da kika yi ba, faɗar da kika yi a gaban mutane. Ki kiyaye wannan sosai don a nan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar daidaito ta 2010 ta saka sauya jinsi cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba, sannan dokar 2004 ta amincewa da sauya jinsi ta ce idan mutum yana da takardar shaidar kuma ka san sirrinsa ta hanyar aikinka, bayyana shi ba bisa ƙa'ida ba laifi ne. Ga kuma NMC, hukumar kula da nas-nas da ungozoma, da za su iya taɓa miki lasisi. Ko a handoba, wato lokacin miƙa aiki ga masu karɓar duti, wanda aikinsa ya shafi abin kawai ake faɗa wa, a hankali.

Yadda nake yi ni, ba na kallon fuska in yanke hukunci. Duk wanda ya zo da ciwon mara ko za a kai shi hoton eksire ina cewa, wannan tambayar kowa nake yi wa, akwai yiwuwar kana da ciki? Wasu mazan su yi dariya mu wuce, wanda kuma abin ya shafa sai ya samu ƙofar magana ba tare da ya roƙe ki ba. Sai kuma in tambayi sunan da yake so a kira shi. Akwai waɗanda ba sa ɗaukar kansu mace ko namiji, su sukan ce a kira su da lamirin jam'i, da farko ya ba ni wahala sai na tuna ai mu ma haka muke yi wa manya, su Baba sun fito, kun tashi lafiya, daga nan bakina ya saba.

Wani abin da za ki lura da shi, kwamfutar NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, da kanta tana jefa su a rami. Gwajin sankarar bakin mahaifa a Ingila daga shekara 25 zuwa 64 ake kiran mutum, amma wanda aka yi wa rajista a matsayin namiji wajen GP, wato likitan unguwa, takardar ba ta zuwa masa kai tsaye sai ya nema, alhali bakin mahaifar na nan. Haka gwajin nono da ake farawa daga shekara 50. Kuma idan babba ya sauya jinsi a rajista sabuwar lambar NHS ake ba shi, wani lokacin tsohon tarihin ciwonsa bai gama biyo shi ba, shi ya sa in kika ga fayil ɗin mutum mai shekara arba'in fayau kamar na jariri ki zauna ki tambaye shi da baki. Layin ganin likita a asibitocinsu na musamman kuwa shekaru ake yi ana jira, da yawa sun gaji suna sayen homon, wato maganin da ke sauya siffar jiki zuwa ta maza ko ta mata, ta intanet, to ki tambaya har da wanda ba likita ne ya rubuta ba, kuma kar ki yi faɗa in an faɗa miki, in kika yi faɗa gobe ba za a faɗa ba.

Maganar wane ɗaki za a kwantar da su, tun hukuncin kotun ƙoli na Afrilun 2025 da ya ce jinsi a dokar 2010 yana nufin na haihuwa, asibitoci ke ta sake duba tsarinsu. Kar ki yanke da kanki, ki kira mai kula da wod, mu dai sau da yawa ɗakin gefe muke nema.

Abu Sadiq ya rubuta:

Malama ni ba ma'aikacin lafiya ba ne amma gaskiya ina ganin ki nemi a riƙa canza ki in irin waɗannan suka zo. Canza halittar Allah ba abin wasa ba ne, kar neman abinci ya sa mutum ya saba da abin da bai kamata ba. Allah ya tsare mana imaninmu a ƙasashen nan.

Likitan Mishigan ya rubuta:

Amin Malam Abu Sadiq, amma ka duba abin da ta ce. Ba a ce ta yi wa kowa aikin sauya jinsi ba, mutum ne ya zo da ƙari a cikinsa ƙarfe biyun dare. A gida ma mun ɗinke ɗan fashin da aka harba, mun ba mashayi magani, ba wanda ya ce mun yarda da aikinsu. Ra'ayinta na addini nata ne ba wanda zai ƙwace, amma wanda aka kwantar a gadon da take kula da shi amana ne a hannunta har gari ya waye.

'Yar uwa, abin da ya same ki ya taɓa faruwa a nan Amurka kuma ƙarshensa bai yi kyau ba. A 2019 mujallar likitoci ta New England ta buga labarin wani mai shekara 32 da ya je imajensi da ciwon ciki mai tsanani. Ya faɗa musu shi mai sauya jinsi ne, amma fayil ya ce namiji, nas mai tantancewa ta ɗauka wani mai ƙiba ne da ya daina shan maganin hawan jini, aka sa shi a layin waɗanda za su iya jira. Bayan awanni aka gano naƙuda yake yi, cibiya ta riga ta sauko, jaririn bai zo da rai ba. Da mace aka rubuta a fayil ɗin nan da minti kaɗan za a kai ta ɗakin haihuwa. Ina ba ɗalibaina wannan labarin duk shekara.

Ga abin da nake so ki riƙe game da magani. Testosteron, homon maza da waɗanda aka haifa mata suke sha, yakan tsayar da al'ada amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne, mutane da yawa har su masu shan ba su san haka ba, kuma yana da illa ga ɗan tayi. Yana ƙara yawan jini, za ki ga PCV, awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya hau, shi ya sa ake bibiyarsa. Yana ƙara tsoka, to kiriyatinin da ake auna aikin ƙoda da shi ma kan ɗan motsa, ki kula wane ma'auni lab suka yi amfani da shi kafin ki ce ƙoda ta taɓu ko lafiyarta ƙalau. Masu shan istirojin kuma, wato homon mata, haɗarin daskarewar jini a jijiya ya fi yawa, musamman na haɗiya, musamman in ana shan taba ko an kwanta bayan tiyata, to kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi sama-sama ba abin jira ba ne. A nan ana yawan haɗa musu da sifironolakton, maganin da ke danne homon maza, shi kuma yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini. Sannan wadda aka haifa namiji ko an yi mata aiki firostet ɗinta, gaɓar maza da ke ƙasan mafitsara, na nan ba a cirewa. Ni ƙa'idata a sauƙaƙe, gaɓar da ke jikin mutum ita nake dubawa, sunan da ya ce in kira shi da shi nake kiransa.

Saka takalmin da ya yi kuwa ba ke kaɗai kika jawo ba, ya zo da tsoronsa tun daga gida. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2015 kan masu sauya jinsi sama da 27,000, kashi 23 cikin ɗari sun ce a shekarar da ta gabata sun ƙi zuwa ganin likita suna buƙata saboda tsoron wulaƙanci, kashi 33 na waɗanda suka je sun gamu da wani abu mara daɗi, kusan ɗaya cikin huɗu sai da suka koya wa likitan abin da ya shafe su. Kuma suna da labaran da suke tunawa, kamar na Tyra Hunter a Washinton a 1995, ta yi hatsarin mota, ma'aikacin agaji ya yanke wandonta ya ga al'aurar maza ya dakata da taimakon yana zolaya, ta rasu a ranar. Wanda ya san irin wannan, ɗan canjin fuska kaɗan ya ishe shi ya tashi. Sai ya dawo bayan wata shida ciwon ya ci jiki.

Baban Khairat ya rubuta:

Ni a gida nake aiki, asibitin sha-ka-tafi, kuma kar mu yi kamar abin na Turawa ne kawai. 'Yan daudu ba daidai suke da abin da kuke bayani ba, al'adarsu daban tarihinsu daban, amma wajen zuwa asibiti matsalar iri ɗaya ce. Na ga wanda ya zo karɓar kati, tun daga layi ake dariyar tafiyarsa da maganarsa, mai ba da katin ma ya sa baki, ya juya bai ga likita ba. Bayan kusan wata uku 'yan uwansa masu sayar da abinci suka kawo shi a Keke Napep ba ya iya tsayuwa, tarin fuka ne, abin da maganinsa kyauta ne. Ya kuma kwana nawa yana tari a ɗaki da mutane kafin nan?

Tun da shugaban Najeriya na lokacin, Jonathan, ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014 abin ya ƙaru, wani bincike da aka yi a Abuja aka buga a 2015 ya nuna tsoron zuwa asibiti ya hau a tsakanin maza masu neman maza bayan dokar, kuma a idon mutanenmu duk kuɗin goro ake musu. Wasu kuma kemis suke zuwa su sayi ƙwayar tsarin iyali ta mata suna sha don jikinsu ya yi laushi, ba awo ba komai, ga taba.

Sannan dan Allah a daina haɗa su da mata-maza. Wannan halitta ce aka haifi yaro da ita, malaman fiƙihu ma sun yi bayaninta har a babin gado, amma iyaye na ɓoye yaran saboda gori har lokacin da ya kamata likita ya gani ya wuce.

Ummu Nabila ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na ji gargaɗinki, jiya na samu mai kula da wod ɗinmu na faɗa mata duk abin da ya faru da bakina kafin ta ji a wani wuri, ta ce in rubuta rahoto kuma ta sa sunana a horon da za a yi wata mai zuwa. An sallame shi kafin in dawo duti, ban samu na ba shi haƙuri ba, wannan ne ya fi damuna. Malam Abu Sadiq na ji maganarka kuma na san don Allah ka faɗa, amma da daddare mu biyu ne a kan gado goma sha huɗu, in na ce a canza ni babu wanda zai karɓa.

Likita saura tambaya ɗaya, a daren na lura yana sanye da wani abu matsattse da ya ɗaure ƙirjinsa da shi, na ga numfashinsa bai sake ba amma na ji nauyin magana bayan abin da na riga na yi. In za a yi ECG, gwajin bugun zuciya, ko mutum na da asma, yaya kuke cewa ya cire, kuma wa ya kamata ya tsaya a ɗakin? Jibi zan koma dutin dare.