Zan je Ranthambore ganin taiga, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan shiga Delhi a watan Afrilu, ina son in ware kwana uku in je gandun dajin Ranthambore da ke jihar Rajasthan ta Indiya, ni da ƙanena, mu ga taiga, wato babbar damisar nan mai ratsi-ratsi. Zafin lokacin ba zai hana dabbobi fitowa ba? Tikiti kuma a ƙofa ake saya?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ai zafin nan shi ne ribarka. Daga Afrilu zuwa Yuni ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ruwa ya janye sai a tafkuna, dole taiga ta sauko sha ko ta kwanta a bakin ruwa. Rana tana wuce digiri 40, amma wanda ya san bazarar Sakkwato ba zai firgita ba. Da damina, Yuli zuwa Satumba, ake rufe tsakiyar dajin. Hanya mafi sauƙi jirgin ƙasa ne daga Delhi zuwa Sawai Madhopur, kamar awa huɗu zuwa biyar, daga tashar zuwa ƙofar gandun kuwa ba nisa.

Amsa ta biyu: Malam, kada ka dogara da ƙofa. A shafin intanet na hukumar gandun daji ta Rajasthan ake kama kujera a motocin da ke shiga dajin, kuma masu kyau suna ƙarewa tun da saura watanni. Dajin shiyya goma ne, kowace mota shiyya ɗaya take shiga, ba ta tsallaka zuwa wata ko da an ji taiga tana can. Ta 1 zuwa ta 5 su ne tsakiyar dajin ta asali, ta 3 ce ke da tafkunan Padam Talao da Rajbagh, shi ya sa ake rububinta. Ta 6 zuwa ta 10 ma ana dacewa, sai dai wasunsu sun yi nisa da masauki. Motoci iri biyu ne, Gypsy mai cin mutum 6 da Canter mai cin 20. Gypsy ta fi tsada amma tana juyawa da sauri a ƙaramar hanya, Canter kuwa kafin ta gyara tsayuwa dabbar ta shige, ga surutun mutum ashirin. Lambar fasfon da kuka rubuta ita za a duba a ƙofa, ku riƙe fasfon a hannu. Lamba ɗaya ta saɓa, ana iya barinku a waje.

Amsa ta uku: Abin da mutane ke kuskurewa shi ne biyan shiga ɗaya tak. Sau biyu ake shiga a rana, da sassafe da kuma bayan azahar, kowace kamar awa uku. Ku kama uku ko huɗu a shiyyoyi daban-daban, domin ba wanda zai ba ka tabbacin gani. Jagora da kunne yake aiki. Zai duba sawu a kan ƙurar hanya, ya sa a kashe mota, a yi tsit. In biri mai baƙar fuska ya fara tari daga kan bishiya, ko barewar sambar ta yi haushi guda mai kauri tana buga ƙafa, to wani abu na tafiya a kusa. A nan ne hira ke ɓata komai. Ba a sauka daga mota, ba a jefa wa dabba abinci. Shigar yamma tana cinye lokacin la'asar, ku yi niyyar haɗa sallolinku na matafiya kafin motar ta zo.

Amsa ta huɗu: Kayan sawa masu ruwan ƙasa ko kore, farar shadda ta zauna a masauki, jar ƙura za ta rine ta. Hula, rawanin rufe hanci, ruwa lita biyu kowane mutum, da madubin hangen nesa, don sau da yawa daga nesa ake hango taiga. In daga Najeriya za ku taso, katin allurar shawara dole ne, kuma sai ta kwana 10 da yi take aiki, in babu ana iya killace mutum har kwana 6 a Indiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsakanin shiga biyun akwai abin yi?

Amsa ta biyu: Ganuwar Ranthambore tana kan dutse a cikin dajin, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi a 2013. Amma hawa ne na matakala, da tsakar ranar Afrilu gara ku kwanta. Ku bar ta ga safiyar da ba ku da mota.