Yaya zan tsara ɗakin ɗinkina don kada kaya su riƙa lalacewa?

Mai Ɗinkin Hula, Gusau:

Assalamu alaikum. Ina ɗinkin hula da adon zanen gado a wani ƙaramin ɗaki da maigidana ya ware mini kusa da zaure, shekara 4 ke nan, amma har yau ban iya tsara kayana ba. Zare yana cikin kwalla, allurai a gwangwanin madara, hulunan da ban gama ba kuma jibge a kan keken ɗinki. A daminar bara gara ta biyo ta gindin bango ta cinye mini kwali guda cike da yadi, ciki har da na wata mata da ta riga ta biya kuɗin aiki, sai da na sayar da akuyata na biya ta. Da hunturu ya shigo kuma, ƙura ta dusashe mini farin zare gaba ɗaya. Don Allah masu sana'ar hannu ku ba ni shawara.

Tsohon Baduku, Argungu:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya mayar miki da alheri. Mu da muke zaune kusa da gulbi mun san wahalar laima, domin a watan Agusta fatar da aka jeme da bagaruwa takan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki idan aka bar ta a ƙasa. Abin da na koya a shagon mahaifina shi ne kada wani abu da ake ci da shi ya taɓa ƙasa ko bango. Ki rabu da kwali kwata-kwata, don kuwa shi ne abincin gara. Ki nemi akwatin ƙarfe, ki ɗora shi a kan bulo huɗu, ki bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta shiga, kuma duk safiya idonki zai ga hanyar jar ƙasar da gara take ginawa tun ba ta yi nisa ba. A cikin akwatin ki zuba busasshen ganyen dogon yaro ko ƙwayar kafur saboda asu. Ranar da aka buɗe rana sosai, ki fitar da kayan su sha iska a inuwa, kada ki shanya su a tsakar rana, launi zai koɗe.

Malamar Zane, Birnin Kebbi:

Baba ya gama magana a kan ajiya, ni kuma zan taɓa wurin zama. 'Yar'uwa, ki mayar da kekenki gefen taga yadda haske zai zo miki daga hagu idan da dama kike aiki, saboda inuwar hannunki kada ta rufe bakin allura. Ɗinkin hula aikin ido ne, kuma na ga mata da yawa da ganinsu ya raunana saboda zama a lungu. Ki sa kafinta ya kafa miki katako mai jerin ƙusoshi, kowane launin zare da ƙusarsa, sannan ki sanya labule mai kauri a kai domin ƙurar Disamba da Janairu. A gabanki kada a samu komai sai aikin ranar. Kayan mutane kuwa, kowanne ki ɗaure shi daban da takarda mai sunan mai shi da ranar alkawari.

Mai Saƙa, Ƙaura Namoda:

Ina so in ƙara da cewa kada a ƙulle yadi a leda lokacin damina, domin leda tana riƙe gumi. Da hunturu kaɗai take da amfani. Allurai da almakashi kuma a shafa musu man keke kaɗan don tsatsa, a rataye su inda hannun yara ba zai kai ba.

Mai Ɗinkin Hula, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na janye kayan daga bango, sai ga sabuwar hanyar gara a bayan buhun auduga, na kankare ta. Baba, ƙamshin kafur ba zai kama hulunan mutane ba kuwa? Akwai masu karɓar nasu ranar Juma'a su sa nan take.